Ƙyauren zauren kakanmu

Bayan daminar bana na je gida Tahoua, na tarar bangon zauren kakanmu ya tsage daidai inda ƙarfen ƙyaure ya shiga cikinsa. Ƙanena har ya yi ciniki da mai walda: a yanke tsohon, a sa na kwano, a huta. Na ce ya dakata mini kwana biyu.

Ƙyauren nan itace ne mai nauyi, an ɗaure shi da maɗaurai uku na baƙin ƙarfe, kowace ƙusa da irin kanta, don hannu ya ƙera su. Na ɗauko wani dattijon maƙeri na unguwarmu. Ya duƙa, ya ƙwanƙwasa wurin da ƴar masabarsa, ɓawon tsatsa ya zubo kamar ɓawon gyaɗa.

"Ɗana, wa ya liƙa siminti nan?"

"Mu ne, Baba. Shekarun baya."

"To ku kunka kashe shi."

Ni ne ma na sayi buhun, amma ban faɗa ba.

Bayaninsa shi ne, ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake, ya ninka kaurinsa. Ginin ƙasa yana shan ruwa ya bushe, siminti kuwa in ruwa ya sami kafa ya shiga, sai ya kwana jikin ƙarfen. Tsatsar ce ta tura simintin, shi kuma ya tsaga bango.

Sai na tuna ba mu kaɗai muka taɓa yin wannan ɓarna ba. A Atina ta ƙasar Girka, magina na dā da suka gina Fartenon, wani tsohon ɗakin bauta na dutsen marmara, sukan zuba narkakkiyar dalma su rufe ƙarafan da ke haɗa duwatsu. Masu gyara na farkon ƙarni na 20 suka sa ƙarfe ba tare da wannan kariya mai kyau ba, ya yi tsatsa ya farfasa marmarar. Yanzu titaniyom suke sawa, wani irin ƙarfe da ba ya tsatsa. Hasumiyar Eiffel ta Paris ma, da aka gama a 1889, fenti ne ke riƙe da ita, kusan duk shekara bakwai ake sake shi.

Baba bai yarda injin gurza ya taɓa maɗauran ba, wai zai cinye sawun masaba. Burushin waya ya sa. Ɗayan da ya ruɓe ta gindi ya kai maƙera, yaronsa na zuga, ya haɗa masa sabon guntu da wuta da duka. Ya ce ƙarfen dā yana da zare a cikinsa kamar itace, walda ba ta cika kama shi da kyau ba. Muka shafa fentin hana tsatsa sau biyu, magini ya fasa simintin ya mayar da ƙasa.

Kuɗin bai kai rabin na sabon ƙyaure ba. Ƙanena dai har yanzu yana ƙorafin ƙarar da yake yi in an buɗe shi da asuba. Na bar masa kwalbar baƙin mai a bayan ƙofa kafin in koma Yamai.