Na gwada rinin Golgi a lab, ga yadda ta kaya

A shekarar ƙarshe ta anatomi furojet ɗina shi ne rina ƙwaƙwalwar ɓera da hanyar Golgi, aiki ne da ba ya son gaggawa ko kaɗan, ka jiƙa ɗan yankin ƙwaƙwalwar cikin sinadarin potassium dichromate ka bar shi kwana da kwanaki sai ya yi tauri, sannan ka mai da shi cikin silver nitrate a wuri mai duhu, kuma don Allah ka sa safar hannu domin abin nan yana baƙanta fata kuma sabulu ba ya fitar da shi. Yankan ma da ɗan kauri ake yi, in ka yi siriri sosai ka datse rassan ƙwayoyin jijiyar da kake nema.

Rinin ba ya kama kowace ƙwayar jijiya, 'yan kaɗan ne ke yin baƙi ƙirin a kan fili rawaya-rawaya, shi ya sa kake ganin guda ɗaya tak da rassanta kamar kuka da rani. Da duka ya kama wallahi baƙi kawai za ka gani.

Shi Camillo Golgi ɗin ɗan Italiya ne, an haife shi 1843, ya gama likitanci a Pavia 1865. A 1872 ya kama aiki a asibitin masu doguwar jinya a Abbiategrasso, ba lab ba komai, sai ya mai da kicin wajen bincike, a nan ya gano rinin a 1873, tun da na karanta wannan na rage mitar rashin kayan aiki. Daga baya ya zama farfesan histoloji (nazarin naman jiki a ƙarƙashin madubin likita) a Pavia, a 1881 kuma ya hau kujerar patoloji (ilimin cututtuka). Har maleriya ya yi aiki a kai, ya nuna zazzaɓin na tashi ne daidai lokacin da ƙwayoyin cutar suka fasa jajayen ƙwayoyin jini, wani nau'in duk awa 48 wani 72.

Malamata ta hana ni buɗe littafi in ina zane, wai abin da silaid ya nuna kawai zan zana. Ai Golgi kansa ya ɗauka jijiyoyin duk a haɗe suke, sai wani masanin jijiya, Cajal ɗan Sifen, ya yi amfani da rinin Golgin ya nuna kowace ƙwaya zaman kanta take. Tare aka ba su Nobel a 1906, kuma ko a jawabinsa na karɓar kyautar Golgi bai sauka daga ra'ayinsa ba.