Rabin shafi bayan an tashi daga sashen gaggawa

A sashen gaggawa babu mai lokacin yi wa ɗalibin likitanci dogon bayani. Idan aka shigo da yaro yana jijjiga a tsakiyar damina, ko aka kawo matashin da ya faɗi daga kan babur a hanyar Daura, likitoci da ma'aikatan jinya aiki suke yi a guje, ɗalibin kuwa yana gefe yana miƙa abin da aka ce ya miƙa. Idan bai zauna daga baya ya yi wa kansa bitar abin da ya gani ba, daren zai wuce bai ƙaru da komai ba.

Shi ya sa nake neman ɗaliban da suke zuwa hannuna a nan Katsina su rubuta rabin shafi a kan majinyaci guda kafin su kwanta. Ba na son a rubuta mini cewa aiki ya yi kyau. Ina son ɗalibi ya faɗi abin da ya fara zuwa masa a rai, da abin da ya sa. Yaron nan mai jijjiga, kusan kowa zai ce zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani, ya tuna allurar artesunate, kuma daidai ne. Amma wa ya duba ko hanyar numfashinsa a buɗe take? Wa ya auna sikarin jininsa, alhali faɗuwar sikari tana yawan zuwa tare da wannan ciwo a jikin yara, kuma ita kaɗai tana iya kashewa? Ɗalibin da ya rubuta da hannunsa cewa bai tuna da sikari ba, da wuya ya sake mantawa.

Sai dai bitar kai tana da iyaka. Wani nazari da aka buga a JAMA, mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, a 2006 ya nuna cewa likitoci ba su cika auna ƙwarewarsu daidai ba, kuma sau da yawa waɗanda suka fi rauni su ne suka fi amincewa da kansu. Idan haka ne ga likita, ina ga ɗalibi? Dole wani na gaba ya karanta rubutun, ya gyara.

A nan ne tarbiyyarmu take shigowa. Ɗalibinmu ya taso da kunya da girmama na gaba, zai ce "To, ranka ya daɗe" ko da bai gane ba. Saboda haka babban likita ne ya kamata ya fara buɗe baki, ya tambaya cikin natsuwa, ba a gaban 'yan uwan majinyaci ba. Ni dai ba na ba wannan rubutu maki, domin da zarar ya shiga lissafin jarrabawa, ɗalibai za su koma rubuta abin da suke tsammanin zai faranta mini rai.