Sai da Dafale Ya Natsu Na Kawo Durwa

Duk wanda ya ji kukan Dafale da dare a shekararsa ta farko a gidanmu, shawara ɗaya yake ba ni: "Kaɗaici ne ke damunsa, ka ƙaro masa ɗan'uwa." Mai gadin layinmu ya faɗa, ƙanina ya faɗa, yaran gida kuwa har sun zaɓi suna suna jira. Ban ƙaro ba a lokacin, kuma har yau ina ganin wannan jinkirin ne ya sa karnuka biyu suke zaune lafiya a gidana.

Gidanmu yana bayan garin Zariya, inda gine-gine ke ƙarewa gonaki su fara. Ina da kaji masu ƙwai a bayan gida, da 'yan tumaki, da fili mai faɗi wanda a lokacin katanga ba ta gama kewaye shi ba. Saboda su na samo Dafale. Ruwa-biyu ne, ubansa Alsatian, uwarsa karyar gida, ya ɗauko girman uba da juriyar uwa. Amma a wancan lokacin yaro ne. Yana tauna takalman yara, yana tona ramuka a gindin gwanda, in na kira shi sai ya ga dama ya zo, in baƙo ya yi sallama ya dinga haushi har mutum ya fita daga layin. Kare irin wannan ba abokin zama yake buƙata ba, tarbiyya yake buƙata, kuma aikina ne, ba na wani kwikwiyo ba.

Wani dattijo maharbi da ke ƙauyen bayanmu, wanda ya yi rayuwarsa da karnukan farauta, shi ya fara fito mini da maganar fili. Na je gaishe shi na kawo zancen, ya ce, "Ɗana, ƙaramin kare ba daga wurinka yake koyo ba, daga babba yake koyo. In babban yana bin kaza, ka sami masu bin kaza biyu." Na ce, "Baba, to yaushe ke nan?" Ya ce, "Ranar da ka kira shi yana tsakiyar gudu ya juyo." Gaskiya ya faɗa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Daga baya likitan dabbobin da ke duba mini kaji ya maimaita abu ɗaya da nasa harshen: a bari na farko ya kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, musamman manyan karnuka da ba sa saurin natsuwa, kuma kada a jira har ya tsufa, don tsohon kare mai ciwon gaɓoɓi ba ya jure ɗan kwikwiyo yana hawa kansa dare da rana.

Don haka na ajiye zancen na biyu, na koma kan na farko. Kullum bayan la'asar in sa masa igiya mu zaga bayan gonaki, mu dawo ya gaji. Na koya masa "zo", "zauna", "bari", da ɗan guntun busasshen kifi a aljihu. Na dinga shiga da shi wurin kaji a ɗaure, in ya miƙa wuya in ce "bari", in ya kau da kai in ba shi kifin. Kukan daren da ake cewa na kaɗaici ne ya ragu da kansa da ya fara samun inda zai zubar da ƙarfinsa. Karen da ya wuni a ɗaure a rana ba abin da zai hana shi kuka, ko da karnuka goma ne kusa da shi.

Akwai kuma tambayar da ta fi damuna, wadda masu ba ni shawara ba su taɓa tayarwa ba. Mu Musulmi ne, kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito sananne ne: wanda ya riƙe kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa yana raguwa kullum. Lokacin da zan kawo Dafale na je wurin malaminmu, ya bayyana mini cewa malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan ukun idan akwai buƙata ta gaske. Ya ba ni labarin Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, mai littafin Risala da muke karantawa a zaure, cewa da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce masa ai Imam Malik ya ƙi haka, ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Amma da na koma da zancen na biyu, sai malam ya ce, "Alhaji, dalilin na farko ba ya wadatar wa na biyu. Mene ne aikinsa?" Wannan tambayar ta tsaya mini a rai. Sha'awa ba dalili ba ce, roƙon yara ma ba dalili ba ne.

Dalilin ya zo ne da na sayi filin da ke manne da namu na mayar da tumakin can. Daga ƙofar gida zuwa garken akwai tazara, ga ɗakin kaji ya tare tsakani. Dafale in yana gaba ba ya jin baya, in yana baya gaba ta zama fili. Wani dare aka cire bulo biyu a katangar baya, Allah Ya tsare ba a ɗauki komai ba. A lokacin Dafale ya haura shekara biyu, yana kwanciya kaji na kiwo a gabansa bai ɗaga kai ba, kuma in na ce "zo" yana tsakiyar bin ƙadangare zai yi birki ya dawo.

Duk da haka ban tafi nan take ba, don akwai lissafin tukunya. Wannan ya zo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da masara da komai suka yi tashin gwauron zabi. Maman Ummi ce ke dafa abincin Dafale: tuwon masara ko shinkafa 'yar gida, da kan kaji da ƙafafu da kayan ciki da nake karɓowa wurin masu yanka. Na zaunar da ita na tambaye ta. Ta ce, "Baban Ummi, ni ba na ƙi ba. Amma in ka yi tafiya, wa zai wanke ɗakinsu? Kuma kada wata ya yi nisa a ce su ci ragowar yara." Tana da gaskiya, ragowar miyarmu cike take da albasa, albasa kuwa tana lalata jinin kare, ƙashin kaza dafaffe kuma yana tsagewa ya soke hanji. Sai da muka yi yarjejeniya da babban ɗana kan shara da ruwa, na kuma ware kuɗin allura da maganin kaska da na tsutsar ciki na shekara guda, sannan na fara nema. Dabbar da ka tsare a gidanka amana ce, in ta kwana da yunwa kai za a tambaya.

Zaɓen ya ɗauki lokaci. Wani ya yi mini tayin 'yan kwikwiyon Boerboel guda biyu 'yan ciki ɗaya a farashi mai sauƙi, na ƙi. 'Yan ciki ɗaya in suka tashi tare sukan shaƙu da juna su manta da mai gida, kuma uku sun fi ƙarfin tukunyarmu. Namiji kuma ban so ba, don maza biyu masu ƙarfi ɗaya a fili ɗaya sukan nemi wanda zai zama babba da haƙori. Likita ya ce mata biyu ma faɗansu ya fi muni in ya ɓarke. Mace da namiji su suka fi zama lafiya. Na ɗauko karyar gida tsantsa daga ƙauyen Baba maharbi, siririya mai gajeren gashi, irin waɗanda zafin Afrilu ba ya kayar da su kamar yadda yake kayar da masu gashi da yawa. Na ga uwarta da idona, na ga yadda take karɓar baƙo, na kuma bari ta cika wata biyu tana shan nono kafin a raba su. Yara suka sa mata Durwa.

Ba ta shiga filin Dafale ranar da ta zo ba. Mako biyu ta yi a tsohon ɗakin ajiya na gaba, da kwanonta da buhunta, har aka yi mata allurar farko aka ba ta maganin tsutsa aka tabbatar ba ta ɗauke da ƙazwa. Abin da nake tsoro shi ne cutar farbo, mai sa amai da gudawar jini, wadda ke kashe 'yan kwikwiyo cikin kwanaki kaɗan, kuma ƙwayarta tana iya zama a ƙasa watanni. Allurarta ba sau ɗaya ba ce: ana farawa a mako shida zuwa takwas, a dinga maimaitawa duk bayan mako uku ko huɗu har kwikwiyo ya kai wajen wata huɗu. Mutane da yawa suna yin ta farko su ce an gama. Wanda kwikwiyo ya taɓa mutu masa da wannan cuta a gida, kada ya yi saurin kawo wani; ya wanke siminti da bilic, ya kuma nemi wanda ya riga ya kammala allurai.

Cutar haukan kare kuwa ba abin wasa ba ce ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. In alamunta suka bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Durwa ta karɓi tata allurar tana wata uku, Dafale yana karɓa duk shekara, katinsu yana cikin jakar da nake ajiye takardun gida. A nan ƙasar cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, ta daɗe tana yin wannan allura. Na kuma koya wa yarana cewa ko yakushi ne, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 sannan a tafi asibiti, ba a tsaya shafa toka ko neman gashin karen ba.

Haɗuwarsu ta farko a waje aka yi ta, a hanyar gona inda ba wanda zai ce wurinsa ne. Ni ina riƙe da Dafale, ɗana yana riƙe da Durwa, muka yi tafiya gefe da gefe da ɗan rata a tsakani. Gashin bayan Dafale ya miƙe, wutsiyarsa ta ƙame a sama. Durwa ta matso tana jan ciki, ta kwanta ta buɗe masa cikinta tana lasar gefen bakinsa. Ya sansana ta daga kai har wutsiya, ya yi atishawa, ya juya ya ɗaga ƙafa a jikin wata 'yar geza. Da na ga gashin ya kwanta na san za mu iya shiga gida tare.

Watannin farko sai da ido. Kwano biyu, nesa da juna, kuma na Dafale ake fara ajiyewa. Ƙashi ba a jefa shi tsakaninsu. In ta dame shi ya yi mata gurnani, ba na tsawata masa, don haka babba ke koya wa ƙarami iyaka. In ka hana kare gurnani, wata rana zai ciji ba gargaɗi. Na kuma riƙa fita da Durwa ita kaɗai, don ta san muryata ba ta bakin Dafale kawai ba. Abin da Baba ya faɗa ya tabbata ta fuskar alheri: kwanciyar da take yi a gaban kaji daga wurinsa ta ɗauka, ban sha rabin wahalar da na sha a kansa ba.

Amma akwai abin da biyu ke yi wanda ɗaya ba ya yi. Wata safiya akuyar maƙwabta ta shigo ta ƙofar baya, Durwa ta bi ta, sai ga Dafale, wanda ya daɗe da daina wannan, ya rufa mata baya. Kira ɗaya ya tsaya, ita kuma da ta ga ya tsaya ta tsaya. Da ban yi wancan aikin a kansa tun farko ba, da ranar sai na biya akuya, zumunci kuma ya yi rauni. Tun daga nan na ƙara tsawon katangar baya, na sa doka: ana sakinsu bayan an rufe ƙofa da dare, ana mayar da su kafin kiran assalatu, don masu tafiya masallaci da almajiran da ke zuwa da safe da matan da ke shigowa wurin Maman Ummi duk suna da haƙƙin shiga layin nan ba da fargaba ba. Ɗakinsu yana can baya, ba sa shiga inda muke sallah ko cin abinci.

Zancen haihuwa shi ne na ƙarshe da muka warware. Karya tana neman namiji kusan sau biyu a shekara, cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka, kuma tana iya zubo shida ko fiye a lokaci guda. Na zaga unguwa a raina ban ga gidaje shida da zan miƙa wa kwikwiyo in kwana da natsuwa ba, kuma na san inda waɗanda ba a so suke ƙarewa: bola da bakin titi, ba allura ba mai su. Na tambayi malam, ya ce malamai sun yi saɓani, amma akwai masu sauƙaƙawa in don kauce wa cutarwa ne. Na kai Durwa asibitin dabbobi aka yi mata aikin cire mahaifa, ta yi kwana goma tana jinya a ɗakin gaba, ta warke sarai.

Yanzu ita ke kwana wajen tumaki, shi yana ƙofar gida, in ɗaya ya yi haushi ɗayan ya amsa daga can. Kwanan baya ƙanina ya kira ni, wai abokinsa zai koma Abuja yana neman wanda zai karɓi karensa Rottweiler kyauta. Na ce masa ƙofa biyu gare ni, kuma kowacce da mai tsaronta, ya nema masa wani gidan.