Daga Brussels zuwa Antwerp a Kan Tsohuwar Hanyar Jirgi

Ruwan sama ne ya kora ni cikin kasuwar Saint-Hubert a ranata ta farko a Brussels, babban birnin Beljiyam. Doguwar rumfa ce mai rufin gilashi, tsawonta ya haura mita 200, shaguna jere dama da hagu, kuma an buɗe ta ne a shekarar 1847, zamanin Sarki Leopold na Farko. Na tsaya a ƙofar shagon Neuhaus ina kallon alawar cakulan da aka shirya cikin ƙananan akwatuna, sai na fahimci cewa a 1857 kantin magani ne aka buɗe a wurin, mai shi yana lulluɓe magani da cakulan don ya rage ɗaci. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shekarar nan ta 1847, domin a daidai lokacin da attajirai ke yawo a ƙarƙashin gilashin nan ba tare da ɗigon ruwa ya taɓa rigarsu ba, ƙauyukan Flanders, yankin arewacin ƙasar, waɗanda ba su da nisa da nan, suna cikin yunwa.

Da ruwa ya ɗauke na taka zuwa babban dandalin birnin. A zauren majalisar birni da ke nan aka kafa jam'iyyar masu sassaucin ra'ayi a watan Yunin 1846, kuma bayan shekara guda Charles Rogier ya kafa gwamnatinta. Babbar rigimarsu da 'yan Katolika ita ce wa zai riƙe makarantu, coci ko gwamnati. Sai dai rigima ce ta masu hannu da shuni, domin tsarin mulkin 1831, wanda ake yabo a Turai saboda 'yancin jarida da na addini, bai ba kowa ƙuri'a ba sai mai biyan haraji mai kauri, kuma waɗannan ba su wuce mutum ɗaya cikin ɗari ba. Wannan 'yancin ne ya ba Karl Marx mafaka a birnin daga 1845, har aka kore shi a watan Maris na 1848, lokacin da juyin juya hali ya girgiza Faransa. Gwamnatin Beljiyam ta yi dabara a shekarar, ta rage harajin da ake buƙata kafin yin zaɓe, sarauta ta tsira.

Washegari na hau jirgin ƙasa zuwa Mechelen, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. A tsakanin garuruwan nan biyu aka fara jigilar fasinja da jirgi mai tururi a nahiyar Turai, in an cire Ingila, ranar 5 ga Mayu, 1835, kuma gwamnati ce ta gina hanyar da kuɗinta. Dalilin bai ɓoyu ba. Bayan ɓallewa daga Holan a 1830, hanyoyin ruwa da ke kai kaya Jamus sun kasance a hannun Holan, don haka aka nemi hanyar tudu, har dogo ya haɗa Antwerp da Cologne a 1843.

A cikin jirgin na lura da wani abu da da farko na ɗauka kuskure ne. Muna cikin Brussels ana sanarwa da Faransanci da Holanci, amma muna fita sai Faransancin ya ɓace daga allo da bakin mai sanarwa. A tsakiyar ƙarni na 19 lamarin akasin haka yake: mafi yawan jama'a suna magana da karorin Filemish, wato Holancin Flanders, amma kotu da majalisa da barikin soja duk da Faransanci suke aiki. Masaƙin ƙauye da ya rasa kasuwar lilinsa saboda zaren injin Ingila mai araha, sannan cutar dankali ta 1845 ta cinye gonarsa, idan ya shiga hannun hukuma yana iya tsayawa gaban alƙalin da ba ya jin harshensa. Sai a 1873 doka ta ba Holanci gurbi a shari'ar laifuka a Flanders. Mutane da yawa sun bar ƙauyukan sun nufi ramukan kwal da masana'antun ƙarfe na kudu, irin ta Cockerill a Seraing, ko masaƙun Roubaix a Faransa.

A Antwerp na fara da bakin kogin Scheldt, iska mai sanyi tana kaɗawa. Yarjejeniyar Landan ta 1839 ta bar wa Holan ikon karɓar kuɗin fito daga kowane jirgin ruwa mai shigowa, kuma baitulmalin Beljiyam ne ke mayar wa masu jiragen kuɗinsu don kada su ƙaurace wa tashar. A 1863 aka fanshi harajin gaba ɗaya, Beljiyam da sauran ƙasashe masu jiragen ruwa suka haɗa kuɗin.

Daga nan na bi lunguna har wani ɗan fili a gaban tsohon ɗakin karatu, inda mutum-mutumin marubuci Hendrik Conscience yake zaune. Mahaifinsa Bafaranshe ne, amma shi ya zaɓi yin rubutu da harshen talakawan garinsu tun daga ƙarshen shekarun 1830, lokacin da masu ilmi ke ganin hakan ƙasƙanci ne. A jikin dutsen an rubuta da Holanci cewa shi ne ya koya wa mutanensa karatu. Ni kam sai da wata dattijuwa mai jan keke ta tsaya ta fassara mini, da Ingilishi.