Asabar: gwanda, nunanna da ɗanya

Da hantsi Yaya ya dawo daga kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa a Kano da gwanda rabin buhu. Wai mota ce ta sauke da asuba, masu kayan na neman rabuwa da waɗanda suka bugu a hanya. Ya ajiye a tsakar gida ya ce, "Ki ware wadda za ta kwana, sauran a san yadda za a yi da su yau."

Da nunannun na fara. Wadda bayanta ya yi ruwan ɗorawa, kuma ta ɗan lotsa in an danna kusa da hancinta, ta isa sha. Na wanke, na tsaga gida biyu, na kwashe 'ya'yan da cokali, na matsa lemon tsami a kai. Ni a ganina duk wanda ya ce ba ya son gwanda, bai taɓa shan ta da lemon tsami ba ne. Wannan ƙarnin da yara ke gudu nan take yake ɓacewa, zaƙin kuma ya fito sosai. Wata na yanka ƙanana na zuba a kindirmo mai sanyi da ɗan zuma. Ita wannan ba a barin ta ta daɗe; in ta zauna cikin nono, ɗaci ke biyo baya.

Aikin gaske sai da Inna ta shigo bayan azahar. Ta ga ɗanyun da na tura gefe, ta ce, "Ke, waɗannan ai miya ce guda." Ta sa na shafa man gyaɗa a hannu kafin na fere, saboda farin ruwan da ke fita daga ɓawon yana sa ƙaiƙayi. Muka goge su da abin goga kuɓewa, muka jiƙa a ruwan gishiri, muka matse. Ta soya albasa da attaruhu da daddawa, ta zuba niƙaƙƙiyar gyaɗa, sai can ƙarshe ta sa gwandar don kada ta narke. Da tuwon shinkafa muka ci. Ita ɗanyar gwanda ba ta da wani ɗanɗano nata, duk abin da ke cikin tukunya take sha, shi ya sa miyar ta yi daɗi haka.

Naman miyar ma na tsohon bijimi ne, amma ya yi laushi, don tun farko Inna ta jefa ɗan yanki na ɗanyar a tafasar. Sinadarin papain da ke cikin farin ruwan ne ke sassauta tsokar nama, kuma da shi kamfanoni ke haɗa garin tausasa nama. Matar Yaya kuwa, da yake tana da juna biyu, Inna ta hana ta miyar: "'Yar nan, nunanna za ki sha, ki bar ɗanya." Likitoci ma haka suke gargaɗi, domin wannan ruwan kan iya motsa mahaifa.

'Ya'yan ban zubar ba. Wasu na shanya, in sun bushe a daka, yajinsu kamar na masoro. Wasu kuma zan shuka a bayan ɗaki, inda ruwa ba ya kwanciya, don saiwar gwanda saurin ruɓewa take yi. Asalinta daga kudancin Meziko da Amurka ta Tsakiya ne, amma ta karɓi ƙasarmu, kafin shekara ta zagayo ta fara 'ya'ya. Inna ta ce in shuka da yawa, tunda ba a gane namiji sai ya fitar da fure mai dogon wuya, shi kuma ba ya haihuwa. Gobe in Allah ya kai mu zan nemo taki wajen maƙwabtanmu masu awaki.