Tarihin Rayuwata, Kashi na 31: Yoyon da Ya Tona Asirin Ɗakina

Wancan makon na tsaya a inda na fita daga takabar Malam, na kuma yi alkawarin yau zan ɗora da auren autata. A yi mini uzuri, damina ta shiga tsakani. Abin da ya faru a gidan nan ranar Talata ya tsaya mini a rai, in ban amayar da shi ba sauran labarin ba zai tafi daidai ba.

Ruwan Agusta a Kano ba ya sallama. Daren Litinin aka kwana ana tafkawa, wajen asuba na fara jin ɗis, ɗis a saman kwabet. Ɗakina ginin ƙasa ne tun na mahaifin Malam, rufin azara, daga baya aka ɗora kwano a kai. Kwanon ya ci tsatsa, ruwa ya samu hanya. Da gari ya waye babban yaron nan (ɗan fari ne, kada ku jira sunansa daga bakina) ya zo da kafinta. Kafinta ya leƙa sama, ya sauko yana karkaɗe hula, ya ce, "Hajiya, sai an fitar da komai."

Komai fa.

Ni kaina ban san abin da na tara ba sai da na gan shi a rana. Tsakar gida ta cika har kaji suka rasa hanyar wucewa. Gwangwanayen madara babu komai a ciki sun fi ashirin, kowanne na ajiye shi ne da cewa zai yi amfani wata rana. Leda a ninke cikin leda. Katunan asibiti na yaran da yanzu furfura ta fara fito musu. Kalandun jam'iyyun da suka mutu aka binne tun mulkin soja. Dutsen guga na gawayi, fitilar ƙwai babu ƙwan, takalmi wari ɗaya. Surukata ta tsaya tana kallo ba ta ce uffan ba, irin shirun nan na surukai da ya fi magana ƙara.

Ga shi dogon hutu ne, jikoki duk suna gida. Babbar cikinsu, takwarata kuma kishiyata, wadda aka sa ranar aurenta bayan Babbar Sallah, ita ta fara.

"Hajiya Kaka, dama gidan tarihi na Gidan Makama kika buɗe a ɗaki ba mu sani ba? Ai da mun riƙa karɓar kuɗin shiga."

Na ce, "Ke dai kishi ne ke cin ki. Ko a haka na fi ki kayan ɗaki."

Aka yi dariya. Ban musa ba, rabin abin da ke wurin shirgi ne kawai, tarkacen da tsufa ke tara wa mutum ba da shawararsa ba. Amma da aka fara sauko da kwalla daga saman kwabet da ƙarƙashin gado, sai na ji bakina ya mutu. Ƙanenta ya ɗauko wata fanteka yana buga ta kamar kalangu, na daka masa tsawar da ni kaina ta ba ni mamaki.

Yaran yanzu kwano suke gani. Ni ƙuli-ƙuli nake gani. Inna sana'arta ke nan: a soya gyaɗa, a murje, a fece, a kai niƙa, a matse mai har hannu ya yi kanta, a murza tunkuza a jefa a kasko. Ni ce mai talla tun ina 'yar shekara bakwai, daga Yakasai har bakin Kasuwar Kurmi da tire a ka. Ribar ba a taɓa ta, adashe take tafiya. Duk ranar da kwasa ta zo kan Inna, dillaliya za ta shigo da saitin kwalla ɗaure a tsumma, a yi ciniki ƙasa-ƙasa, a tura ƙarƙashin gado. Shekara tara tana wannan turin. Ban taɓa ganin ta sayi sabon zane daga kuɗin ba.

An ɗaura aurena a 1973, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Dattawa sun ƙi sabon lissafi, da fam suka yanka sadaki, wani ɗan boko a cikinsu yana ninkawa biyu yana faɗa da naira. 'Yan jere kwana biyu suka yi a ɗakina. Babba a ƙasa, ƙarami a sama, langa kan langa, tasa tana ƙyalli a gefe, har jeren ya kusa taɓa azara. Masu zuwa ganin ɗaki baki na cewa "Allah ya sa alheri", ido kuwa yana ƙirga. Abin da suke ƙirgawa ba nawa ba ne, ƙoƙarin uwata ne.

Kuma ba a cin abinci a cikinsu, wannan shi ne abin da kishiyata ta kasa ganewa. Ta ce, "To meye amfaninsu?" Na ce bankinmu ne. Mace tana cikin kulle, ba ta da littafin ajiya, ba ta da gona a hannunta, amma tana da bango. In ciwo ya zo, ko biki ya taso, ko aka wayi gari babu na cefane, sai a zare saiti ɗaya daga baya inda ido ba ya kaiwa, a aika wa dillaliya. Shekarar da sankara ta cinye wa Malam huhunan goro ya dawo gida jari ya karye, saiti uku na fitar cikin dare. Na miƙa masa kuɗin na ce Inna ce ta ranta mana. Ya san ƙarya nake yi, don ya ga gurbin a bango. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Bayan shekara biyu dillaliya ta shigo da saiti huɗu ta ce an ce a kawo mini.

Da 'ya'yana mata suka tashi aure na raba musu, kamar yadda aka yi mini. Ta farko ta karɓa da murna. Ta biyu ta karɓa don kunya, lokacin samira da tangaran sun shigo. Auta kuwa kai tsaye ta ce, "Umma, don Allah ki bar su a wurinki." Su ne waɗannan da suka yi saura. Yanzu ga takwara da jerin kayanta a waya: murhun gas, firji, injin markaɗe, tukwanen da abinci ba ya kamawa. Ba zan yi mata rashin adalci ba. Nata kayan su za su yi mata aiki, mu kuwa mu muka yi wa namu bauta, duk Juma'a a sauke a goge a mayar. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, ni kuwa ina jin daɗin fanka da ruwan sanyi, ban ce a mayar da ni zamanin aci-bal-bal ba. Abin da ya ɗan sosa mini rai shi ne bankin nawa ya daɗe da karyewa, ni kaɗai ce ban samu labari ba.

Ana cikin haka maigidan, jikana ɗan shekara tara wanda kullum nake bi bashin kuɗin cefane, ya buɗe wata langa da ke can ƙasan jere ya kurma ihu. Ya zaro ƙullin tsumma. Kafin in kai hannu ya kwance.

'Yan Murtala ne guda biyar, tsofaffi, sun manne da juna.

Wallahi na manta da su. Ko in ce na sa kaina na manta. Naira ɗari ce ta adashen ɗinkin hula, na ɓoye ba wanda ya sani. A watan Afrilun 1984 gwamnatin Buhari ta canja launin kuɗi, aka rufe iyakoki, aka ba mutane kwanaki ƙalilan su kai tsofaffi banki. Ni kuwa ina ƙauye wurin dangin Inna ina jinyarta. Ba halin in aiko a ce a duba langa ta ƙasa, don asiri zai tonu. Ko da na dawo kuɗi sun mutu. Naira ɗari a lokacin ba abin wasa ba ce, na yi kuka a banɗaki inda ba mai ji. Kunya ta hana ni faɗa wa Malam, kunya ta hana ni zubarwa. Har ya koma ga Allah bai sani ba. Shi ya sa da aka sake canjin kuɗi a farkon 2023, ni ce ta farko a gidan nan da ta zazzage ƙullinta ta ce a kai banki, yara suna mamakin yadda tsohuwa ta waye.

Maigidan ya ɗaga takardun sama ya ce, "Ashe kuɗi kike ɓoyewa kina damuna da cefane? To na sake ki!"

Na ce, "Saki nawa?"

Ya ce, "Ɗari."

Har surukata sai da ta tuntsire. Ya tambaya ko za su sayi alewa. Na ce ko 'yar Murtalar yanzu ta leda ba kullum take sayen ruwan leda ba, balle gawa.

Adaka ba ta ɗauke mu lokaci ba. Shimfiɗar ƙasanta tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo ce, ta yi ja tana karyewa a hannu. Akwai atamfofin lefe biyu 'yan Kaduna da ban taɓa ɗinkawa ba, masaƙun da suka yi su ma sun rufe. Akwai kwabo mai huji da sisi da taro a cikin gwangwanin turare, yara suka rabe. Akwai takardar shaidar makarantar manya da na shiga zamanin Abubakar Rimi, ina da goyo a baya, wadda albarkacinta nake rubuta muku wannan da hannuna. Ita kam na mayar da ita inda take.

Da la'asar yara suka kirawo ɗan gwangwan. Ya shigo da kurarsa da sikelin ratayawa, yaro ne bai fi sa'ar jikana na biyu ba. Na lura ko kallon furen da ke jikin kwalla bai yi ba, ɗagawa yake ya ji nauyi. Na sallama masa gwangwanaye, da dutsen guga, da ƙarafan gadona mai rumfa, da duk kwallar da ta ɓantare ta yi tsatsa. Abin da ya ƙirgo ya miƙo bai kai cefanen yini biyu ba. Na karɓa na raba wa jikoki, don ban ga abin da zan saya da shi ya zauna mini a ciki ba. Goma sha ɗaya na hana. Babban yaron ya buɗe baki zai yi magana, na ce, "Ranar da aka fitar da ni ku kira shi ya dawo, ba zan hana ba." Ya ce, "Haba Umma," ya yi waje.

Da aka zo mayar da su na ƙirga goma. Na sake ƙirgawa, goma. Can na hango wata 'yar ƙaramar langa mai jan fure ta leƙo daga jakar kishiyata. Muka haɗa ido. Ta ce, "'Yan kunne zan riƙa zubawa, ba wani abu ba." Na ce ni ban ga komai ba.

Saura abu ɗaya, shi ne ya hana ni barci tun ranar.

A can ƙasan adaka akwai babbar rigar Malam, wadda na roƙa a bar mini lokacin rabon gado. Da na ɗaga ta don in kakkaɓe, sai na ji abu mai tauri a aljihu. Kaset ne. A jikinsa da ajami, rubutun hannunsa: saƙon gida.

Masu shekaruna sun san wannan. Kafin waya, fatake da mutanenmu da ke zaune a Makka haka suke aike. Malam in ya tafi Shagamu sayen goro yakan yi wata biyu, wani lokaci uku. Sai ya samu rikoda ya zauna ya yi magana, ya ba direban babbar mota ya kawo. A sayo batir, a shimfiɗa tabarma, a taru. Yakan fara da sallama, ya yi gyaran murya sau biyu, sannan ya bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa, har akuya sai ya tambaya ko ta haihu. Yawancin kasusuwan an yi ta naɗar wani abu a kansu har suka lalace. Wannan ne kaɗai na ɓoye, kuma na san dalili. A ƙarshensa akwai inda ya ce yara su tashi su ba shi wuri. Sau ɗaya na saurari wurin, ni kaɗai, rediyo a manne da kunne, ban ƙara ba. Mutumin da a shekara arba'in da wani abu bai taɓa kiran sunana a gaban mutane ba.

Rikodar gidan ta daɗe da mutuwa, tana ma cikin abin da ɗan gwangwan ya tafi da shi, ban ankara ba sai da dare. Jikana na jami'a ya juya kaset ɗin, ya sa biro a hujin ya murza, ya ce zaren bai tsinke ba. Wai a kasuwar waya ta Farm Centre ba za a rasa mai juye shi ya koma cikin waya ba. Ya miƙo hannu in ba shi. Na ba shi, ya kai bakin zaure, na aika a kirawo shi ya dawo mini da abina.

Kishiya ta ce, "Hajiya Kaka, me tsohon ya faɗa ne haka? Mu ma a sa mana mu koyi darasi kafin biki."

Na ce ta nemi nata.

Mun yi da yaron ranar Asabar zai tsayar da adaidaita sahu mu tafi tare, ƙafata ƙafarsa. Na kafa masa sharaɗi biyu: mai juyewar zai rage murya, kuma za a saya mini abin sawa a kunne. Kaset ɗin yana ƙarƙashin matashina a ɗakin surukata, inda nake kwana kafin kafinta ya gama. Auren auta sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.