Godiya Bayan Jinyar 'Yata

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, jiya da yamma aka sallamo 'yata daga asibiti, bayan mako 6 cur tana kwance da ciwon zuciya. Daren jiya a Unguwar Rogo ta kwana, a ɗakin mahaifiyarta.

Wata biyu muka yi muna maganin maleriya da taifot, daga wannan kemis zuwa wancan. Cikin sanyin Jos da kowa ke neman bargo na biyu, ita da asuba sai a tarar da rigarta sharkaf da gumi. Ta rame, abinci ya fita ranta. Sai ranar da bakinta ya karkace, hannun dama ya ƙi ɗaguwa, sannan muka kwashe ta a guje.

Godiyata ta farko ga matashin likitan da ya karɓe mu. Ya daɗe da abin sauraro a ƙirjinta, sannan ya kama yatsunta ya nuna mini siraran layukan jini a ƙarƙashin farce, kamar sartse, da 'yan ƙulluttai masu zafi a kan yatsun. Kullum ina ganin hannun nan, ban taɓa lura ba. Ya taɓa cikinta ya ce saifa ta kumbura. Ya ce, "Baba, tana ƙarama ta sha ciwon maƙogwaro da na gaɓoɓi?" Ta sha, kuwa. Ashe tun lokacin bawul ɗin zuciyarta, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya, ya samu tabo, a kan tabon bakteriya suka zauna suka yi gudaji. Galibi daga baki suke shiga jini. Ɓarin gudajin ne ya ɓalle ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, kuma haka yake iya taɓa ƙoda ko ya kassara zuciyar kanta. Sunan cutar endokaditis.

Jini sau 3 aka ɗiba, aka yi mata eko, wato hoton zuciya. Gwajin jini na farko bai nuna komai ba, saboda kafso ɗin da muka yi ta ɗura mata a gida ya ɓoye ƙwayoyin. Wannan har yanzu yana ci mini rai.

Ma'aikatan jinya da suka riƙa tashi tsakar dare don allurar jijiya kada ta wuce lokacinta, suna lallashinta in kanula (robar da ake sa wa a jijiya) ta toshe, Allah ya saka muku da alheri. Haka masu gashin ƙashi da suka sa hannun nan ya koma riƙe cokali. Ƙanwata da ta baro yaranta ta kwana a tabarma, 'yan uwana na kasuwa da suka yi karo-karo ba tare da na buɗe baki ba, jama'ar masallacinmu, da maƙwabciyarmu Kirista da ba ta fasa aiko kunun gyaɗa ba, Allah ya bar zumunci.

Da sauran aiki. Wata mai zuwa za a sake eko a ga ko bawul ɗin zai buƙaci tiyata, kuma an tura mu wajen likitan haƙori. A ci gaba da saka ta a addu'a.